Kafin Ka Maƙala wa Jif Tirela: Shawarwari ga Magidantan Birnin Kudu da Gwaram

Da zarar kaka ta kama a kudancin Jigawa, abin hawa sai ya zama gwal. Mai riɗi na neman wanda zai kwaso masa amfaninsa kafin dabbobi su faɗa gona, mai dawa na jiran kantar da aka yi masa alkawari tun shekaranjiya, mai aurar da 'ya kuma na lissafin yadda gado da kujeru za su iso daga Kano, ta Wudil da Kwanar Huguma, ba tare da sun kwarzane ba. Wannan ne ya sa wasu magidanta masu jif suka fara sha'awar ƙaramar tirela, mai taya biyu ko huɗu, wadda ake maƙalawa a bayan mota. Ita nake nufi duk inda na ce tirela a nan, ba mai ɗaukar siminti buhu 600 ba.

Tambayar da ake yi wa bakanike kullum ita ce, "Oga, za ta ja kuwa?" Za ta ja mana. Shanu biyu ma suna jan amalanken da ya fi su nauyi. Wadda ba a cika yi ba ita ce ko za ta tsaya, ranar da akuya ta yanko titi a Babaldu, ko ɗan acaɓa ya karya kwana a gabanka babu sigina, alhali tan biyu na turo ka ta baya. Yawancin abin da zan faɗa a kan tsayawar nan yake.

1. Nemo iyakar motarka tukuna

Kowace mota da iyakar da kamfaninta ya yanka mata, kuma iyakar kashi biyu ce: ta tirela marar birki da ta mai birki. Tazarar da ke tsakani ba kaɗan ba ce. A Turai da Ostareliya ba a yarda tirela marar birki ta wuce kilo 750 ba, har da kayan cikinta, komai girman motar da ke janta. Land Cruiser 200 da aka ba wa kilo 3,500 in tirelar na da birki, in babu birki ita ma a 750 ɗin nan take tsayawa.

Jif-jif ɗinmu da yawa 'yan Kwatano ne da suka fito daga Amurka, a can kuwa da laba ake rubuta nauyi. Raba da 2.2 ka sami kilo. CR-V da RAV4 mai silinda huɗu yawanci laba 1,500 ne, wato kilo 680. Lexus RX 350 da ta fito da kayan ja daga kamfani laba 3,500 ce, kusan kilo 1,590. 4Runner laba 5,000, kimanin kilo 2,270. Prado 150 kuwa kilo 2,500 aka daɗe ana ba ta.

Highlander mai silinda shida, ƙirar 2008 zuwa gaba kaɗan, ita ce ke yaudarar mutane. Wadda ta fito da kayan ja na kamfani, irin su babban lagireto da na'urar sanyaya man giya, laba 5,000 take ja. 'Yar'uwarta da ba ta da su laba 2,000 ce kacal, kilo 900. In ka ajiye su gefe da gefe ba ka bambance su da ido. Duba littafin motar. In ya ɓace tun a Kwatano, kamar yadda aka saba, sa yaronka ya nemo shi a intanet da sunan motar da shekararta, bakanike kuma ya buɗe bonet ya tabbatar maka abin da ke ciki.

2. Yi lissafin da buhu

Kilo a takarda ba ya tsorata kowa, sai an mayar da shi buhu. A ce motarka kilo 2,270 take ja, tirelar kuma ba komai a cikinta kilo 600 ce. Saura 1,670, wato buhun masara ko dawa 16 in kowanne kilo 100 ne. Amma lambar kamfani ta sabuwar mota ce a kan lafiyayyen titi, taka kuwa ta shekara goma sha biyar tana shan burji. Ni dai ina ba da shawarar a tsaya a kashi 80 cikin 100: kilo 1,800 gaba ɗaya, buhu 12. In kuwa mai kilo 900 ce gare ka, tirelar kanta ta cinye 600, abin da ya rage buhu uku ne. Wanda ke da buhu 40 a gona gara ya nemi kanta.

Taki da siminti kilo 50 ne buhu. Ruwa lita ɗaya kilo ɗaya, saboda haka tankin lita 1,000 tan guda ne cur, ban da nauyin tankin.

Akwai lissafi na biyu da ake mantawa. Buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin za ka ga takarda a manne da ke faɗin nauyin mutane da kayan da motar kanta za ta ɗauka. Nauyin da wuyan tirela ke ɗora wa bayan mota a cikin wannan yake shiga. In an rubuta kilo 550, wuyan tirela ya danne 180, saura 370. Manya biyar sun cinye shi, kafin a sa ko jaka ɗaya a but.

3. Ƙarfen ja a casis yake zama, ba a bamba ba

Na taɓa ganin wani maƙwabcina ya sa an yi masa waldar ƙugiya a bayan bambar motarsa don ya riƙa jan injin casa. Sau biyu ya je ya dawo lafiya. A na uku, yana hawa kwalbati, bambar ta yage ta bi injin, shi kuma ya yi gaba. Allah ya kiyaye babu kowa a bayansa.

Ƙarfen ja na ƙwarai an ƙera shi ne don wannan ƙirar motar, yana da ramukan da suka dace da waɗanda kamfani ya bari a casis, da noti ake ɗaure shi. Yana kuma zuwa da ɗan allo mai faɗin nauyin da zai ja da wanda zai ɗauka a tsaye. Masu kayan gyara a Ƙofar Ruwa a Kano sukan ciro su daga jikin motocin da aka yanka. In za ka sayi irin wannan, duba tsatsa da tsagewa a gaɓoɓin walda, sannan ka sayi sababbin ƙusoshi masu lamba 8.8 ko 10.9 a kansu. Ƙusar da ba ta da lamba a ka ta ƙofar gida ce.

A kula da Highlander, RX, RAV4 da CR-V. Ba su da casis daban irin na Prado ko 4Runner, jikinsu da ƙasansu haɗe suke, ƙarfen kuma siriri ne. Wutar walda tana raunana shi. Kada ka yarda a ɗana mata wuta, ko da mai waldar ya rantse ya sha yi.

Iyakarka ta gaskiya ita ce mafi ƙanƙanta cikin lambobi huɗu: ta mota, ta ƙarfen ja, ta ƙwallon da ke kansa, da ta bakin tirela da ke hawa ƙwallon.

4. Ƙwallo da baki su zama ɗaya

Ƙwallon Turai milimita 50 ne. Na Amurka kashi uku ne: milimita 47.6, da 50.8, da 58.7. Girman na rubuce a saman ƙwallon da kuma jikin bakin tirelar. Motar Amurka da tirelar Beljiyam haɗi ne da ake yawan samu a nan, don haka karanta. Baki babba a kan ƙwallo ƙarami zai zauna, har ya yi kamar ya kulle, sai an faɗa rami ya tsallake. Bayan ka kulle, juya ƙafar da ke tallafe wuyan tirelar ta ɗaga shi sama. In ka ga bayan motar na ɗagowa tare da shi, ya kama.

Tsawon ƙwallon daga ƙasa ya zama wanda tirela da lodinta za ta kwanta sosai, ko hancinta ya ɗan sunkuya kaɗan. Hanci a sama lilo yake kawowa.

5. San irin birkin da ke jikinta

Da yawa daga tirelolin da ake haɗawa a garejin walda, gindin tsohuwar mota ake sa musu. Za ka leƙa ka ga gangunan birki a bayan tayoyi, mai sayarwa ya ce maka ai ga birki nan. Bi wayar ko bututun da ya fito daga gangar ka ga inda ya nufa. In bai je ko'ina ba, birkin ado ne, tirelar nan marar birki ce, kuma iyakar marar birki ce ta hau kanta.

Birkin gaske iri biyu ne za ka fi haɗuwa da su. Na farko birkin turi. Bakin tirelar yana da sanda mai shiga ciki. In ka taka birkin mota, tirela ta turo gaba, sandar ta shige, ta ja wayoyin ƙarfe ko ta matsa man birki, tayoyin tirela su kama. Shi ne a tirelolin Turai har zuwa kilo 3,500. Ba ya buƙatar komai daga mota. Na biyu na lantarki, wanda aka fi sani a Amurka da Ostareliya. A cikin kowace ganga akwai maganaɗisu, wata 'yar na'ura kusa da sitiyari ita ke aika masa wuta gwargwadon yadda ka taka.

Wanne ya fi? Ga magidancin da ke Gwaram ko Sara, wanda nemo ƙwararren rewaya sai ya yi tafiya, ni na fi karkata ga na turi. Sanda ce da waya da takalmin birki, duk bakaniken da ya san birkin hannu zai gane kansa. Na lantarki ya fi shi abu biyu: kana iya ƙara masa ƙarfi ko ragewa daga kujerarka, kana kuma iya kama birkin tirela ita kaɗai da hannu ranar da ta fara lilo. In lodinka na kai tan biyu kuma kana yawan hawa babban titi, kuɗinsa bai faɗi ba.

Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne a yanka bututun man birkin motar a jona wa tirela. Ranar da jonin ya tsage, tirela ta rasa birki, na motar ma ya raunana.

Gwajin na turi mai sauƙi ne. Tura bakin da hannu. Ya kamata ya yi tauri, ya shiga a hankali, ya dawo a hankali. In ya shige fuu, 'yar shokazobar da ke ciki ta mutu, shi ya sa kake jin duka a bayan mota duk sanda ka taka birki. Sannan ɗaga kowace taya da jak, juya ta gaba, wani ya ja birkin hannun tirelar. Tayar da ta ci gaba da juyawa tana buƙatar saiti.

6. In na lantarki ne, tsaya a kan rewaya

Soket mai baki huɗu a shimfiɗe da ke zuwa a bayan motocin Amurka fitilu kawai yake kaiwa, babu wayar birki a cikinsa. Sai mai baki bakwai. Shi ma na Amurka daban, na Turai daban, akwai kuma na Turai mai baki goma sha uku. Zaɓi iri ɗaya a mota da tirela, ka huta da ƙulle-ƙullen waya da leda.

Na'urar birkin wayoyi huɗu gare ta, kuma a yawancinsu launin ɗaya ne. Baƙa tana zuwa batir kai tsaye, ta bi ta makarin wuta mai amfiya 20 ko 30 wanda ke komawa da kansa, ba fis da zai ƙone ya bar ka babu birki ba. Fara tana zuwa ɗaya kan batir ɗin, mai alamar ragi. Ja tana ɗauko sigina daga makunnin fitilar birki da ke saman fedar. Shuɗiya ita ke tafiya baya har soket. Kowane maganaɗisu na jan wajen amfiya uku, tirela mai taya huɗu goma sha biyu ke nan, don haka wayar ta zama mai kauri, ba irin ta rediyon mota ba. Wasu manyan Toyota na Amurka, irin Sequoia da Tundra, suna zuwa da soket ɗin na'urar a ƙarƙashin dashbod, sai a duba kafin a fara yanka.

Sayi na'urar da ke auna yadda mota ke rage gudu ta ba da wuta daidai da haka. Mai araha, wadda ke ƙirga daƙiƙa kawai, duk taki ɗaya ta ɗauke shi, ko na gaggawa ko na gaisawa da mutane a bakin hanya.

7. Saita ƙarfin birkin da lodi a kai

Nemi miƙaƙƙen titi da babu jama'a. Yi 'yar tafiya kana taka birki don gangunan su ɗumama. Kai gudun kilomita 40, ɗage ƙafa daga totur, ka matse madannin hannu na na'urar gaba ɗaya ba tare da taɓa fedar ba. In tayoyin tirela sun ƙame sun ja ƙasa, rage lambar. In da ƙyar ka ji ta riƙe, ƙara. Wurin da ake nema shi ne dab da ƙamewa. Daga nan gwada da feda: kada ka ji tana turo ka, kada kuma ka ji tana fizgar ka baya.

Saitin buhu 12 ba shi ne na dawowa fanko ba. In ka sauke kaya a kasuwar Sara, rage kafin ka kama hanya, in ba haka ba ka kankare tayoyinka a wuri ɗaya. A burji da yashi ma a rage.

8. Sarƙa biyu da wayar ko-ta-kwana

Sarƙoƙin su gitta juna a ƙarƙashin wuyan tirela, ta dama ta tafi hagu, ta hagu ta tafi dama. In baki ya kuɓuce, wuyan zai faɗa kansu maimakon ya caki kwalta. Su yi sakin da za ka iya kwana, amma kada su ja ƙasa. Igiyar rijiya da tsohuwar kacar babur ba sa cikin lissafi.

Siririyar wayar nan da ke rataye a bakin tirela, wadda yara ke wasa da ita, aikinta ta kama birkin tirela in ta rabu da mota gaba ɗaya. A na turi birkin hannu take fizgowa. A na lantarki wani ɗan fegi take zarewa, ƙaramin batir da ke jikin tirelar ya ba birki wuta. Maƙala ta a jikin ƙarfen ja, a ramin da aka tanada, ba a jikin sarƙa ba. Batirin nan kuwa, in ya mutu, wayar ba ta da amfani. Zare fegin da hannu ka ja tirelar kaɗan ka ji ko ta riƙe, sannan ka mayar da shi nan take.

9. Yadda ka jera kaya ya fi yawansu muhimmanci

Yaran lodi sun saba da kanta, inda duk aka jefa buhu ya zauna. Tirela ba haka take ba. Kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin ya zauna gaban tayoyi, 40 a baya, masu nauyi a ƙasa kuma kusa da tayoyin, hagu da dama daidai. Abin da ake so shi ne wuyan ya danne ƙwallo da kimanin kashi ɗaya cikin goma na nauyin tirelar duka. Amurkawa suna cewa kashi 10 zuwa 15, Turawan Turai suna tsayawa wajen 5 zuwa 7 saboda ƙirar tirelolinsu. Kowanne ka bi, kada ka haura abin da aka rubuta a allon ƙarfen ja.

In wuya ya yi sauƙi, tirela ta riƙa kaɗa wutsiya da zarar gudu ya ƙaru. In ya yi nauyi, bayan mota ya durƙusa, gabanta ya ɗaga, sitiyari ya yi sako-sako, fitilunka su riƙa haska idon masu tahowa. Ba sai ka yi ta kintace ba. Masu sayen riɗi suna da sikelin ƙasa. Yanko guntun katako da zai kai bakin tirelar daidai tsawon ƙwallo in an tsayar da shi a kan sikelin, sa waigi a tayoyi, sauke bakin a kansa, ka karanta. In lambar ba ta yi ba, matsar da buhu ɗaya ko biyu ka sake. Sau ɗaya za ka yi wannan wahalar, daga nan ka san jerin da ya dace, ka ma sa fenti a bangon tirelar.

Tankin ruwa ya zama cike ko fanko. Rabin tanki yana kai da komo, ya tura ka lokacin da kake son tsayawa. Ragunan layya ko sa, a ɗaure su gajere, a sa katako ya raba su don kada su taru a baya. Kayan ɗakin amarya ba su da nauyi sosai amma suna da tsawo, iska na kama su, a ɗaure da bel mai matsewa.

Mutum kuwa ba ya hawa tirela. Na san ranar biki ko ranar kasuwa za a roƙe ka, a ce ai nan da nan ne, yara ma su riga kowa ɗarewa kan buhuna. Uwargida, wannan naki ne ki tsaya a kai in maigida ya fara jin nauyin mutane. Ma'aikatan Asibitin Tarayya na Birnin Kudu aikin da ke gabansu ya ishe su.

10. Taya da boris

Tayar tirela ba ta cika suɗewa ba, tsufa take yi a tsaye cikin rana. Duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa shekara huɗu take ba taya daga ranar ƙira. Duba kuma lambar nauyi: 100 na nufin kilo 800 a taya ɗaya, 104 kuma kilo 900. Tayar ƙaramar mota a ƙarƙashin tan biyu fashewa take jira.

Auna iska da safe kafin tafiya, da geji, ba da bugun ƙarfen mai faci ba. Tayoyin bayan mota a kai su lambar cikakken lodi da ke takardar ƙofa. Tirela ta sami safayarta, ka kuma tabbata jak da sifanar motarka suna yi mata, don sau da yawa notinta daban ne.

Bayan kilomita 20 na farko tsaya ka zagaya. Kusanto da bayan hannunka tsakiyar kowace taya. Ɗumi ba laifi. Wadda ta fi sauran zafi sosai, ko boris ya bushe ko birki na kamawa. A wanke boris a sake giris sau ɗaya a shekara, kafin kaka.

11. Zafi ne ke kashe giya

A watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, giyar otomatik da ke jan kaya tana dafa manta. Zaro sandar man giya in motarka na da ita. Ja mai haske lafiya, baƙi mai ƙauri a canja. In motar ba ta zo da na'urar sanyaya man giya ba, a ƙara mata ƙarama a gaban lagireto. Kuɗinta bai kama ƙafar kuɗin giya ba. In ka ji giya na hawa da sauka a kan tudu, danna O/D OFF, ko ka mayar da ita 4 ko 3 ta zauna wuri ɗaya. Lagireto a wanke shi, a zuba ruwansa na kanti maimakon na rijiya. Man birki yana shan danshi, tsohonsa kuma tafasa yake yi in birki ya yi zafi, feda ta tafi ƙasa. A canja shi duk shekara biyu.

12. Fitilu da takardu

Wani ya tsaya a baya ka gwada masa birki, sigina hagu da dama, da fitilar dare. Fitilar da ke rawa ko duka suke ƙiftawa tare, wayar da ke komawa jikin ƙarfe ce ba ta kama ba, a kankare tsatsa a ɗaure. Manna tef mai ƙyalli a baya da gefuna. In tirelar ta fi motar faɗi, ƙara madubin da ke maƙalawa a kan naka. Kafin tafiyar farko ka leƙa ofishin VIO ko na 'yan kiyaye haɗurra ka ji batun lamba da ajin lasisi, ka kuma tambayi kamfanin inshorarka ko takardarka ta haɗa da abin da kake ja.

13. A kan titi

Ƙa'idar hanya ta Najeriya ta yanka wa manyan tireloli da tankoki kilomita 45 cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya. Kai ma kada ka wuce 60. Daga 60 zuwa 85, ƙarfin da birki zai kashe ninkawa yake yi. Bar tazara ninki biyu na wadda ka saba. Buɗe kwana, don tayar tirela ta ciki take yankowa, a nan take taka tiren mai ƙosai. A gangare sa ƙaramar giya tun daga sama, ka riƙa taka birki kana saki. Wuce wata mota kuwa, sai ka ga fili mai nisa ƙwarai, in babu ka haƙura.

Ranar da ta fara lilo, galibi bayan babbar mota ta wuce ka da iskarta ko taya ta sauka gefen kwalta, jikinka zai ce taka birki ka murɗa sitiyari. Duka biyun ƙara shi suke yi. Riƙe sitiyari a miƙe, ɗage ƙafa daga totur a hankali, in kana da na lantarki matsa madannin hannu tirelar ta ja kanta ta miƙe. In ta lafa, sauka gefe ka matsar da kaya gaba. Kada kuma ka ce za ka ƙara wuta ka fi ta gudu, wannan hirar tasha ce.

14. Damina

A watan Agusta 2021 wata mota ta faɗa inda ruwa ya cinye gada a Radabi, kan hanyar Gwaram zuwa Basirka, mutum 21 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Hanyar da ka bi da safe ba lallai ta kai dare yadda ka bar ta ba, mai jan tirela kuma ya fi kowa buƙatar ganin nesa. In an yi ruwa mai yawa, bari gari ya waye, ka tambayi direbobin tasha kafin ka fita.

In dole ka ratsa ruwa mai kwanciya, tsaya tayoyi su huce tukuna, don boris mai zafi in ya shiga ruwan sanyi zuƙo shi yake yi ciki. Bayan ka fita, taka birki a hankali sau da yawa gangunan su bushe. Ruwa mai gudu kuwa ba a shiga da tirela, ta gefe yake ɗaukarta ta ja ka.

15. Ribas da ajiya

Je filin idi ko filin ƙwallo da yamma, jera jarkoki, ka koya. Ɗora hannu a ƙasan sitiyari: inda hannunka ya nufa, nan bayan tirela zai nufa. Kaɗan-kaɗan ake murɗawa. In ta fara naɗewa, ja gaba ka miƙe ka sake. Tsofaffin birkin turi suna kamawa in ana ribas, sai an sauka an sa wani ɗan maƙulli. In ka sa shi, cire shi kafin ka yi gaba, in ba haka ba babu birki har ka isa.

Wajen cirewa, waigi a tayoyi shi ne farko, sannan ƙafa, soket, sarƙa, baki. In kaka ta wuce za ta daɗe a ajiye, kada ka bar birkin hannu a ja, takalmin kan manne da ganga da tsatsa. Ɗora ta a kan bulo tayoyi su bar ƙasa, rufe su da tsofaffin buhuna, ciro ƙaramin batirin ka riƙa yi masa caji. Soket ɗin kuma, na mota da na tirela, a ɗaure bakinsa da leda, don zanzaro na son ramukan nan, cikin mako guda ya toshe su da laka.